Nazarin lamari: a-kori-kurar da giyarta ta rikice kwana biyu bayan canjin mai

Motar Toyota Tacoma ce ƙirar 2006, mai jan ƙafa huɗu, da injin V6 mai lita 4.0, da giyar otomatik mai hawa biyar da ake kira A750F, ƙirar kamfanin Aisin. Irin wannan giya tana cikin 4Runner da FJ Cruiser da Prado da wasu Hilux, saboda haka yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe su, in ban da 'yan alƙaluman da ke bambanta daga shekara zuwa shekara. Motar ta ci kilomita 230,000. Aikinta ɗaukar kaya da jan ƙaramar tirela, kuma babu wata takarda da ke nuna an taɓa canza mata man giya tun fitowarta daga kamfani.

Ƙorafin farko karkarwa ce. Idan motar tana tsakanin kilomita 60 da 80 a awa, ƙafa kuma tana kan totur kaɗan-kaɗan, sai jikinta ya ɗauki rawa kamar an hau kwalta mai gargada, na daƙiƙa biyu ko uku. Da an ƙara totur ko an ɗaga ƙafa sai ta lafa. Aka kai ta wani gareji, aka ce man giya ne ya gaji, aka canza. Kwana biyu bayan haka sai ga abin da ya fi na farko muni. Da safe idan aka sa D, motar takan yi shiru na daƙiƙa uku zuwa huɗu kafin giyar ta shiga da duka. A tsakanin giya ta biyu da ta uku injin yana yin sama kamar an taka kuloci, sannan ta kama. A hawan tudu, ko bayan birki mai ƙarfi, takan saki na ɗan lokaci tamkar tana firi. Ga wani siririn kuka daga ƙasa, ga fitilar cek ta kunna. Karkarwar nan ta farko kuwa tana nan daram. Hukuncin da aka yanke wa mai motar shi ne wanda aka saba ji: sabon mai ya wanke giyar, sai dai a sauke ta.

Tambaya kafin sifana

A gareji na biyu ba a fara da ɗaga motar ba. An tambayi mai ita abu uku: wane mai aka zuba, lita nawa ta fita, lita nawa ta shiga. Amsar tana bayan motar. Ya sayi robobi huɗu masu lita ɗaiɗai, an dawo masa da biyu ba a ko fasa su ba, kuma rubutun jikinsu na cewa Dexron III ne, wato wani nau'in man giya. Da aka tambaye shi ko injin yana aiki lokacin da ake zubawa, ya ce a kashe yake tun daga farko har ƙarshe.

Wannan kaɗai ya isa a san inda za a dosa. Idan aka kwance notin zubarwa na wannan giya, abin da ke fita kusan lita 3 ne. An mayar da 2. Man da giyar take sha kuma Toyota ATF WS ne, wanda ya fi Dexron III tsinkewa, kuma sinadaran da ke daidaita kamun faiba, wato faya-fayan kulocin cikin giya, a cikinsa daban ne. Toyota ta bayyana cewa WS ba ya musanyuwa da T-IV, wani man giyarta na daban, ko Dexron. Kasancewarsu duka jajaye ba ya nufin komai, domin launin rini ne kawai da ake sawa don a bambance man giya da baƙin mai.

Aka jona na'urar sikan. Lambar da ke ajiye P2714 ce, wadda ke nufin kwamfutar ta ga matsin man bai yi daidai da abin da ta umarci solinoyid SLT, balb ɗin lantarki mai daidaita matsin man, ya bayar ba. Mutane da yawa da ganin wannan lamba sai su tafi sayen solinoyid. Amma kwamfuta ba ta ganin solinoyid da ido, sakamako take gani: ta ba da umarni, faiba ta zame, sai ta rubuta. Ƙarancin mai yana iya haifar da wannan zamewar ba tare da solinoyid ya yi laifin komai ba. Aka kuma duba ƙarƙashin motar ko akwai yoyo, a gefen kasko da tiyo biyu masu zuwa lagireto da bakin furofela. Ko'ina a bushe.

Dalilin da lita ɗaya ta ɓata

Wannan giya ba ta da gejin da ake zarowa daga sama. Tana da noti uku. Na zubarwa yana ƙasan kasko, wanda makanikai ke kira botom filet, kuma sifana 14 ke kwance shi. Na awo shi ma yana ƙasan kaskon, amma alanki 5 ke shigarsa. Na cikawa yana gefen giyar ta can baya, sifana 24. Notin awon nan yana toshe bakin wani ɗan bututu ne da ke tsaye a cikin kaskon. Duk man da ya haura tsayin bututun zai malalo ta cikinsa, wanda bai kai ba kuma zai zauna. Tsayin bututun shi ne gejin.

Sai dai an yanke tsayin nan ne bisa sharaɗi uku: injin yana silo, motar tana kan daidai, man kuma yana cikin wani zango na zafi. Sharaɗin farko shi ne aka karya a gareji na farko. Idan injin yana aiki, famfon giyar yana ɗebe mai daga kasko ya cika kwanbata, wato abin da ke miƙa ƙarfin injin zuwa giya, da hanyoyin balb-bodi, inda ake rarraba man, da tiyon sanyaya mai, sai man da ke kaskon ya yi ƙasa. Idan aka kashe injin, wani kaso na man nan yakan gangaro ya dawo, kaskon ya cika ya haura bututun. Wanda ya zuba mai injin na kashe zai ga ya malalo tun bai kai adadin da ake bukata ba, ya ɗaure noti yana ganin ya gama. Da an tayar da injin sai famfo ya zuƙe abin da ke kaskon, bakin rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ya koma dab da saman man.

Daga nan duk alamun nan suna da fassara. Da safe man ya yi sanyi ya tsuke, famfo yana haɗawa da iska, shi ya sa D ke jinkiri. Iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa, don haka fistin da ke danne faiba ba ya samun cikakken ƙarfi a kan lokaci, injin ya yi sama a tsakanin giya biyu. A tudu ko bayan birki man yana tuɗewa gefe guda, bakin rariyar ya fito fili, motar ta saki. Kukan kuma famfo ne ke haɗiyar kumfa. Kowace zamewa tana goge faiba tana haifar da zafi, kuma da an ci gaba da jan tirela a haka na 'yan makonni, da hukuncin sauke giyar ya zama gaskiya.

An bar motar ta kwana domin ta huce. Da safe, kafin a tayar, aka duba abin da na'urar ke nunawa a matsayin zafin man giya, aka ga ya yi daidai da zafin gari. Wannan ɗan gwaji yana da amfani, don idan na'urar auna zafin da ke cikin giyar tana ƙarya, duk awon da za a yi a kanta ya tashi a banza. Aka tayar, aka taka birki, aka bi da liba ta kowane matsayi ana tsayawa daƙiƙa biyu-uku, aka dawo P. Da zafin ya kai digiri 46 a ma'aunin Salsiyas, inda zangon awo ke farawa, aka kwance notin awo. Abin da ya fito bai cika cokali ba, sai ya tsaya. A kula da wannan: kullum akwai ɗan man da ke maƙale a cikin bututun, kuma fitowarsa ba ta nufin giya ta cika. Aka riƙa tura WS ta ramin cikawa da famfon hannu, kaɗan-kaɗan, sai da lita 1.3 ta shiga kafin ya fara malalowa.

Aka fita gwaji. Jinkirin D ya tafi, zamewar nan ta tafi, kukan ya ɗauke. Karkarwa ce kaɗai ta rage. Ashe matsala biyu ce aka cakuɗa, ɗaya tsohuwa, ɗaya kuma ta kwana biyu.

Karkarwar

Kafin a ɗora wa mai laifi sai an tabbatar daga giya take, domin fulogi ko kwayil mai yankewa, da kuros ɗin furofela da ya ci, da tayar da ba ta da balans, duk suna iya kawo rawa a wannan gudu. Gwajin mai sauƙi ne. A riƙe totur a inda karkarwar ke zuwa, sai a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, daidai yadda fitilar birki za ta kama. Kwamfuta tana sakin kulocin cikin kwanbata da zarar ta ga birki. Idan rawar ta yanke nan take, daga kulocin nan take. A wannan mota ta yanke. Na'urar sikan ma ba ta nuna wani silinda yana yankewa ba.

Kulocin kwanbata shi ne ke haɗe injin da giya kai tsaye idan an miƙe hanya, don rage shan fetur da zafi. A matsakaicin gudu kwamfuta takan bar shi yana ɗan zamewa da gangan, kuma santsin wannan zamewar ya dogara kacokan ga sinadaran da ke cikin man. Idan zafi da shekaru suka cinye su, sai kulocin ya riƙa kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa guda, direba ya ji shi a kujera. Jan tirela yana gaggauta wannan, shi ya sa littafin kula da motar ya ce mai jan kaya ko ɗaukar nauyi ya canza man a mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000. Wannan motar ta ninka haka har da ɗori.

Abin da kasko ya nuna

Ba a yanke shawarar yawan man da za a canza ba sai da aka ga cikin kaskon. A mota mai irin wannan tafiya, wannan ne matakin da bai kamata a tsallake ba, domin shi ke faɗa maka ko giyar tana da sauran rai.

Aka fara kwance notin cikawa. Kullum shi ake fara taɓawa, saboda idan ka zubar da mai sannan ka tarar ya ƙi kwantuwa, ka zauna da motar da ba ta tashi. A motar mai jan ƙafa huɗu kuma a lura sosai, akwai notin ƙaramin akwatin rarraba ƙarfi a kusa, kuma an sha zuba man giya a inda ba nan ba. Aka zubar a cikin bokiti mai alamar lita, aka kwance ƙananan notuna 20 na kaskon da sifana 10, aka bar biyu a kusurwa ɗaya don a karkato shi a hankali. Waɗannan notuna sirara ne kuma tsatsa na kama su. A fesa musu mai a bar su su sha, a kwance da hannu, kada a sa musu bindigar iska.

Man ya fito ruwan ƙasa mai duhu, amma idan an ɗiga shi a farar takarda ana ganin sauran ja a gefe, kuma ba ya warin ƙuna. Maganaɗisu huɗu da ke kwance a kaskon sun lulluɓe da baƙin laushi mai kama da kwalli, wanda idan ka murza a yatsa ba ka jin tsakuwa. Wannan cin yau da gobe ne, kowace giya tana yin sa. Abubuwan da ake tsoro ba a gan su ba: ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko mai kaifi, wanda ke nuna boris ko haƙoran giya na ci, gutsattsarin faiba masu kama da ɓawon itace, ƙurar tagulla mai ruwan zinariya daga bushi, ko mai da ya koma ruwan hoda mai kauri, alamar ruwan lagireto ya fasa ya shiga. Da an ga ɗaya daga cikinsu, da an gaya wa mai motar gaskiya cewa sabon mai ba zai mayar da abin da ya goge ba.

Aka cire rariyar, notuna huɗu ne, kuma wani man yakan biyo ta, don haka a bar bokiti a ƙasa. Zoben robar da ke wuyanta yakan maƙale a ramin. Idan aka ɗora sabuwa a kan tsohon zobe, ko aka sa ta babu zobe, famfo zai riƙa jan iska ta nan, alamun ƙarancin mai su dawo alhali man ya cika. Aka shafa wa sabon zoben man giya, aka zaunar da rariyar, aka ɗaure a Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti). Aka wanke kasko da maganaɗisu, aka busar da iska. Tsumma mai zare ba ya shiga wannan aiki, domin silin zare ɗaya ya isa ya riƙe balb. Aka mayar da maganaɗisun inda suke, aka sa sabon gaskit a bushe. Gam ba shi da wuri a nan, don abin da ya matso ta ciki yakan yanke ya tafi rariya. Ɗaurin notunan kasko bai kai Nm 10 ba, ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ana bin su a gicciye zagaye biyu. Yawancin yoyon da ke biyo bayan wannan aiki daga yawan ɗauri ne, wanda ke murƙushe gaskit ya lanƙwasa leɓen kaskon.

Jimillar abin da ya fita lita 4.2. Aka sa wa notin zubarwa sabuwar wosha, aka mayar da lita 4.2 na WS.

Nawa za a canza

Giyar tana ɗaukar lita goma da wani abu, mu ce 10.5 don lissafi. Mafi yawansa yana cikin kwanbata da hanyoyin ciki, inda notin zubarwa ba ya kaiwa. Zubar da lita 3 sau ɗaya yana barin kashi 71 cikin ɗari na tsohon mai. Idan aka maimaita bayan an yi tafiya ya gauraya, saura kashi 51. Karo na uku 36, na huɗu 26. Wato lita 12 ta tafi amma rubu'in man tsoho ne. Ga motar da ake kula da ita a kan kari wannan hanya ta wadatar, kuma ita ce mafi ƙarancin kuskure. A nan kuwa akwai gajiyayyen mai, ga lita biyu na man da ba nata ba, ga karkarwar da ake son kawarwa. Tunda kasko ya nuna giyar lafiya take, aka zaɓi musanya ta tiyon sanyaya mai.

Famfon giyar ne da kansa ke yin aikin, da matsin da ya saba, ta hanyar da man ya saba bi. Ba a haɗa wani injin turawa ba, ba a kuma zuba sinadarin wanki ba. Sinadaran nan ba su da abin da za su ƙara, tunda man giya da kansa yana ɗauke da abin wanki, kuma ragowarsu ba ta fita duka.

Mai yana fita daga giya ya bi tiyo zuwa lagireto, a wasu motocin ya wuce ta ƙaramar na'urar sanyaya mai da ke gaba, sannan ya dawo. Tiyon dawowa ake cirewa, a jona farar roba mai nuna ciki a bakin da man ke fitowa, a kai ta cikin jarka mai alamar lita. Idan ana shakkar wanne ne, a sa bakin biyu a cikin roba, a tayar na daƙiƙa biyu a gani. Mutum biyu ake bukata, ɗaya a kan makulli, ɗaya a kan jarka. A tayar, lita 2 ta fita, a kashe. Ba ya ɗaukar minti guda, don haka ido ba ya barin jarkar. A tura lita 2 sabo ta ramin cikawa, a sake. Idan aka ga kumfa a robar kafin lita biyun ta cika, a kashe nan take, kasko ya ƙafe ke nan, kuma famfo ba ya son gudu a bushe. A zagaye na uku da na huɗu aka taka birki aka bi da liba ta R da D don man da ke cikin waɗancan hanyoyi ma ya motsa. A zagaye na biyar abin da ke bin robar ya koma ja garau. Lita 10 ke nan, ban da ta kasko.

Wasu sababbin a-kori-kura suna da balb mai bin zafi a kan hanyar sanyaya mai, wanda ke rufe ta har sai man ya yi zafi. A irinsu sai an danne balb ɗin an soke shi da fil kafin musanya ko awo, kuma littafin motar yana nuna yadda ake yi. A duba kafin a cire tiyo.

Aka mayar da tiyon da kilif ɗinsa, aka ƙara kusan rabin lita a kan lissafi da gangan. Awon bututu yana iya rage abin da ya yi yawa ne kawai, don haka gara a shiga da rara. Aka bar motar ta sake hucewa.

Awon ƙarshe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Motar ta tsaya a kan rami ko lif, a daidai gaba da baya, hagu da dama. Ɗaga gaba kaɗai da jak yana karkatar da man, awon ya ɓaci. A ja hambirki, a sa waigi a tayoyi, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a tuna cewa za a yi aiki kusa da salansa mai zafi injin yana gudu.

Littafin gyara na wannan shekara ya ba da zango daga digiri 46 zuwa 56 a ma'aunin Salsiyas. Na wasu shekarun da wasu motocin masu wannan giya ya fi haka ƙasa, don haka kowa ya nemi na motarsa. Dalilin zangon shi ne man giya yana kumbura da zafi, kusan kashi 0.07 cikin ɗari a kowane digiri. A lita 10.5, bambancin digiri 40 ya kai kusan mililita 300. Wanda ya dawo daga tafiya man yana digiri 85 ya buɗe notin awo, zai zubar da wannan adadi daga man da giyar ke bukata. Wanda ya auna da sanyi ƙalau kuma zai bar rara, kuma idan rarar ta yi yawa sassan da ke juyawa sukan kaɗa man ya yi kumfa, ya yi zafi, har ya tofo ta bututun numfashi. Kumfar yawa da kumfar ƙaranci illarsu ɗaya ce a wurin faiba.

Na'urar sikan mai karanta zafin man giya ita ce hanya mafi sauƙi. Idan babu, motar tana da nata tsarin. A soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa rami na 4 da na 13 da ɗan waya. A ƙirga da kyau, domin rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuma kuskure a nan yana ƙona fiyus ko abin da ya fi fiyus tsada. A tayar, a bi da liba a hankali daga P zuwa L a dawo, sannan a riƙa kai ta N da D da sauri, ba a wuce daƙiƙa ɗaya da rabi a kowanne ba, har na daƙiƙa shida. Fitilar zafin man giya za ta kama na daƙiƙa biyu ta mutu, alamar tsarin ya shiga. A koma P, a cire wayar, a bar injin yana silo. Idan fitilar ta kama ta tsaya, an shiga zango. Idan ta fara ƙiftawa, an wuce, sai a kashe a jira. Bindigar auna zafi da ake haska wa kasko takan nuna ƙasa da ainihin zafin man, kuma bambancin ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka ba a dogara da ita ita kaɗai.

Zangon ba ya daɗewa, musamman a lokacin zafi. Kafin fitilar ta kama, alanki da sabuwar wosha da bokiti da famfo cike da mai duk su kasance a hannu. A nan an buɗe a digiri 46, man ya zubo da kauri, ya riƙa raguwa har ya zama siririn zare mai shirin komawa ɗigo. A daidai nan ake rufewa. Jiran ya ƙafe gaba ɗaya kuskure ne, don man yana ci gaba da ɗumi yana kumbura, ba zai daina ɗiga ba. Abin da ya fita mililita 350 ne. Notin awo Nm 20 da sabuwar wosha, notin cikawa Nm 39 da sabon zoben roba. Sannan aka kashe injin, aka goge lambar P2714, aka wanke ƙasan giyar tas don duk wani sabon ɗigo ya bayyana.

Sakamako

A gwajin farko karkarwar ta ragu sosai amma ana ɗan jin ta a wajen kilomita 70. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, saboda fuskar kulocin ta daɗe tana shan tsohon mai, kuma sai an yi tafiya kafin sabon ya ratsa ta. Aka ce mai motar ya yi mako biyu babu tirela. Da ya dawo bayan kusan kilomita 600, an bi hanyar da ta saba yi sau da dama ba ta yi ba, lambar kuma ba ta dawo ba. Da ta ci gaba bayan irin wannan tafiya, da maganar ta koma kan kwanbata kanta, wato fuskar kulocin ta ƙone ko ta cinye, kuma magani sai canji. Ruwan gyaran karkarwa da ake sayarwa a ƙananan kwalabe yakan ɓoye alamar na wani lokaci, amma zuba shi a kan man da ya riga ya mutu jinkirta aiki ne kawai.

Zancen cewa sabon mai yana kashe tsohuwar giya yana da tushe, sai dai an faɗaɗa shi fiye da ƙima. Akwai giyar da faibarta ta riga ta ƙare, tana tafiya da kyar a kan kaurin dattin da ke cikin man, kuma irin wannan takan fara zamewa bayan canji. Kaskonta yana faɗa tun kafin a zuba komai: baƙin mai, warin ƙuna, gutsattsari. Akwai kuma mai motar da ba ya tuna man giya sai ranar da ta fara ciwo, a canza, ta ƙarasa mutuwar da ta riga ta fara, a ce mai ne. Kaso na uku shi ne irin wannan motar, lafiyayyar giya da aka bari da ƙarancin lita ɗaya da man da ba nata ba. Kafin a yarda a sauke giyar da ta rikice jim kaɗan bayan canjin mai, a nemi robobin da aka zuba, a ƙirga su, a sake awo injin yana gudu.

An rubuta wa motar tsarin gaba: tunda jan tirela ne aikinta, a zubar da lita 3 a mayar duk bayan kilomita 40,000 zuwa 50,000, da WS daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, domin man yana jan danshi idan ya zauna a buɗe. A dubawar mako biyun an ga ɗan jiƙo a bakin tiyon da aka cire, inda tsohon kilif ya saki. Aka sa sabo, aka bar motar ta kwana, da safe aka sake awo a digiri 46. Siririn zare ya fito, aka rufe.